Kiɗa Ya Sauya, Ina Makaɗan?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin shafin Hausa na wannan mujalla tamu, domin in faɗi ra'ayina bisa wata gardama wadda ta hana mu sakat tun farkon wannan zango. Kowa ya sani an sa mu, mu bakwai, cikin kwamitin shirya bikin sallamar 'yan ajin ƙarshe. Maganar abinci ba ta ɗauke mu minti goma ba, maganar rumfa da kujeru ma haka. Amma da aka zo kan kiɗa, sai zama ya watse har sau uku. Waɗansu suka ce lalle a ɗauko masu kalangu, gama mu malamai ne, mu ne masu riƙon al'ada. Waɗansu kuwa suka ce wa zai tsaya jin kiɗan tsofaffi, a ɗauko yaro mai kwamfuta da manyan lasifikoki ya sako mana waƙoƙin da ake yayi. Ni dai na yi gum, har aka fara kirana ɗan ba-ruwanmu. Ba rashin abin faɗa ya sa na yi shiru ba. Gani na yi duka ɓangarorin biyu sun bar jaki suna dukan taiki, kuma a cikin hayaniya irin wannan ba mai jin doguwar magana. Shi ya sa na kawo ta nan.

Bari in fara daga gida. Gidanmu a Damilu yake, cikin Jimeta, kuma katanga ɗaya ce tsakaninmu da wani saurayi mai gyaran janareto. Kullum da yamma in ya tashi daga aiki sai ya kunna wani irin kiɗa wanda ban taɓa jin kamarsa ba. Ranar da ya fara, Mama ta leƙo daga madafa ta ce mini, "Kai, je ka duba ko injin wani ne ya kama da wuta." Da na je na tarar da shi zaune a kan benci yana kaɗa kai. Na ce, "Maƙwabci, lafiya?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, zauna ka ji. Wannan duk da hannu ake yinsa, mutum huɗu ne kawai." Na zauna don kunya, amma daga baya sai na riƙa komawa don kaina, ba domin kiɗan ya yi mini daɗi ba, sai domin labarin masu yinsa. Abin da ya gaya mini na bi shi na karanta, na tarar haka yake.

Sunan kiɗan tirash metal, watau a Hausance kamar a ce sussukar ƙarfe, kuma sunan ya dace da shi. A Amurka ya yi ƙarfi a farkon shekarun 1980, musamman a jihar Kalifoniya. Kayansa jita ce mai aiki da lantarki, da ganguna, da murya mai kaushi, kuma abin taƙamarsa shi ne sauri. A shekarar 1986 wata ƙungiya mai suna Slayer ta fitar da faifai, Reign in Blood, mai waƙoƙi 10, amma duka ba su cika minti 30 ba. A wurinmu kuwa makaɗi kan yi rabin sa'a bai gama kirarin mutum ɗaya ba! A wannan shekara kuma ƙungiyar Metallica ta fitar da nata, Master of Puppets. Waɗannan biyu su ne manyan gidan. Ba na ce kowa ya je ya nemi waƙoƙinsu ba, gama yawancin maganarsu ta yaƙi ce da mutuwa da jini, ni kaina ba ta kwanta mini ba. Abin da ya same su shi nake so mu duba.

Ana cikin haka sai iska ta juya. A shekarar 1991 waɗansu samari daga wajen birnin Seattle, masu suna Nirvana, suka fito da faifansu Nevermind, da wani salo dabam mai sauƙin kaɗawa, ba gudu, ba gwaninta mai yawa. Kafin a ce me, a watan Janairu na 1992 ya ture faifan Michael Jackson daga kan gaba a kasuwar Amurka. Samari suka juya gaba ɗaya, kamfanonin faifai suka bi su, gidajen rediyo suka bi kamfanoni. Su Metallica kamar sun ji ƙanshin ruwa tun hadari bai haɗu ba, gama makonni kaɗan kafin wannan sun riga sun fitar da wani faifai mai baƙin bango, inda suka rage gudu, suka gajarta waƙoƙi, suka sa amshi wanda kowa zai iya bi. An sayar da fiye da miliyan 16 a Amurka kaɗai. A 1996 suka ƙara nisa da faifan Load, har suka aske dogon gashin da aka san su da shi. Tsofaffin masoyansu suka yi ta zagi, suna cewa an sayar da gado don kuɗi. Su Slayer kuwa suka kafe. A 1994, lokacin da kowa ke cewa zamanin sauri ya wuce, suka fitar da Divine Intervention da gudunsa kamar dā, ya kuwa hau har mataki na 8 a jerin kasuwa. Ko su ɗin ma a 1998 sun ɗan karkata wajen abin da ake yayi, masoyansu suka yi gunaguni, suka dawo hanya.

Maƙwabcina yana gefen Slayer, har yau in an ambaci baƙin faifan nan sai ya yi tsaki. Na ce masa, "Ashe ku ma kuna da irin gardamar kwamitinmu." Amma ni abin da na tsinta a labarin ba wanda ya yi daidai tsakanin masu sauyawa da masu kafewa ba ne. Abin da na tsinta shi ne, da wanda ya rage gudu da wanda ya ƙi ragewa, ba wanda ya ajiye jitarsa ko makaɗin gangarsa. Saboda haka da yayi ya zagayo, kamar yadda yakan zagayo, hannuwan suna nan. A 2008 Metallica suka koma salonsu na farko da faifan Death Magnetic, a 2010 kuma manyan ƙungiyoyin nan huɗu, su biyu da Megadeth da Anthrax, suka hau dandamali ɗaya a birnin Warsaw na ƙasar Folan, mutane dubbai suna kallo.

To, mu dawo gida, in fara da 'yan'uwana masu cewa a riƙe al'ada. Ina tare da ku a zuciya, amma ina so ku gaya mini wace rana ce al'adar nan ta tsaya wuri ɗaya. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, shi kuke kafa hujja da shi. Alhali kuwa kalangun da ya riƙe, kafinsa an fi saninsa da kiɗan mahauta da na 'yan mata a dandali. Shi ya ɗauke shi ya kai shi gaban sarakuna da attajirai da gwamnoni, ya shigar da shi faifan garmaho da akwatin rediyo da talabijin, ya yi wa direbobi da sojoji da 'yan kasuwa waƙa, har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988. A idon dattawan ƙuruciyarsa ai shi ne ɗan zamani, mahaifinsa ma bai so ya yi waƙa ba. Ku dubi kuma Ɗan Maraya Jos. Kuntigin da ya zagaya duniya da shi, me ake yinsa da shi? Gwangwanin kifi ne na kanti, a rufe shi da fata, a ɗaura masa tsirkiya ɗaya. Watau abin da muke kira kayan gargajiya, cikinsa daga jirgin ruwa ya sauko. Hajiya Barmani Coge ta Funtuwa ƙwarya ta kife ta yi amada da ita, ta faɗa wa mata maganar sana'a da neman na kai wadda ba a saba jinta a fili ba. Ba ko ɗaya cikinsu da ya tarar da abu ya bar shi yadda ya gan shi.

Ni kaina na ga irin wannan a makarantar mishan da na yi. Kakana ya ba ni labari cewa a zamaninsu ba a yarda a shiga da ganga wurin sujada ba, sai waƙoƙin littafi da wani ɗan akwatin kiɗa mai iska wanda ake takawa da ƙafa. Iyayenmu mata na zumunta su suka shigo da tulu da ganga da caki sannu a hankali, har abin ya zama kamar da shi aka fara. Yau in ka ce za ka hana su tulun nan, sai ka ga tashin hankali. Wanda ya ce sabon abu ne a jiya, jikansa ne ke rantsuwa da shi a yau.

Akwai kuma wani mutum da na ga ba a ambatonsa a gardamarmu, alhali shi ya fi kowa kusa da ita. A cikin akwatin Baba akwai wani tsohon kaset na Bala Miller, mai waƙar nan Ikon Allah. An haifi Bala Miller a Fankshin a 1928, ɗan wani fasto ne mutumin Zariya. Ya yi zaman Ikko ya koyi kiɗan hailaif, sa'an nan a 1977 ya tara samari a Kaduna ya kafa babbar ƙungiya, da masu ƙaho da masu jita da masu ganguna da mawaƙa, suna wasa a kulob ɗin Costain, daga baya kuma a talabijin na ƙasa. Ku lura da lokacin. Kiɗan disko na Amurka ya cika gari, faifan Sweet Mother na Prince Nico Mbarga, wanda ya fito a 1976, yana kowane shago, mu nan Adamawa kuma makosa tana kwararowa daga Kamaru ta hanyar Garwa. A tsakiyar wannan ambaliya mutumin nan ya ɗauki kayan Turawa ya sa su suka yi Hausa. Baba ya ce a lokacin waɗansu sun ce ba kiɗan Hausa ba ne, waɗansu kuma sun ce bai kai na Turawa ba. Amma in ka saurari kaset ɗin yau, ko da yake ya fara ja, za ka ji mutane da yawa suna numfashi tare, wannan ya ba wancan hanya, wancan ya amsa. Kuma kowane ɗaya daga cikin samarin nan ya tashi da sana'a a hannunsa.

Yanzu sai ku, 'yan'uwana masu kwamfuta. Kada ku yi murna tukuna.

Tun da aka fara finafinan bidiyo na Hausa a Kano da Turmin Danya a 1990, musamman bayan Sangaya a 1999, kiɗan waƙoƙinmu ya koma cikin fiyano. Fiyanon nan na lantarki yana da muryoyi iri iri a cikinsa, yana kwaikwayon ganga da sarewa da goge. Mutum ɗaya ya zauna a ɗan ƙaramin ɗaki ya danna, ya haɗa kiɗan da dā sai mutum goma. Daga baya kwamfuta ta zo ta karɓi aikin, har tana gyara muryar wanda bai iya riƙe murya ba. Ba zan yi ƙarya in ce abin bai yi amfani ba. Ya yi, ƙwarai. Dā in ba a gidan kiɗa aka haife ka ba, ko kuwa kai ɗan malamai ne ko ɗan sarauta, ina kai ina waƙa? Fiyano ya buɗe ƙofa ga wanda ba shi da 'yan amshi, ga mata, ga ɗan makaranta mai fasaha wanda ba shi da kuɗin ciyar da ƙungiya. Wanda ya saurari Aminu Ala ya san ana iya ɗora magana mai nauyi bisa kiɗan fiyano. Kuma da Jaruma ta Hamisu Breaker ta fito a 2020, ni ma na taka, ba sai an tambayi abokan ɗakina ba.

Amma ga inda take. A hutun da ya wuce na je bikin auren wani ɗan'uwanmu a nan Jimeta. An ɗauko mawaƙi, ya zo da kwalliya, ya riƙe abin magana, aka sako waƙarsa daga kwamfuta yana bi da baki. Ana tsakiyar rawa sai janareto ya tsaya. Jama'a, kun san abin da ya faru? Mawaƙin nan ya tsaya kamar an dasa shi. Ba ganga, ba amshi, ko muryarsa ma da muka ji ta fito tsirara sai muka ga ba ita muka sani ba. Aka yi ta jiran mai gyara. Waɗansu tsofaffin mata ne daga bayan rumfa suka kife roba suka fara bugawa da tafi, suka ɗauki wata waƙar gaɗa, kafin a jima fili ya cika. Su suka fitar da mu kunya. Na duba a cikin masu bugun nan, ba wadda ba ta haifi kamata ba.

Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali a aji na gan shi. Lokacin koyarwar gwaji an tura ni wata firamare, aka ba ni aji biyar, yara sun fi hamsin. Ranar darasin fasaha na tambaye su wa ya san waƙar wane, duk suka ɗaga hannu, har suna gyara mini baiti. Sa'an nan na ce, to, wa ya iya kaɗa wani abu, ko ganga, ko kalangu, ko sarewa, ko jita, ko ma fiyanon? Hannu uku na gani. Ɗaya cikinsu, wani yaro shiru-shiru, ya ɗaga ya yi maza ya sauke. Da aka tashi na kira shi, ya ce kakansa makaɗin kalangu ne, ya koya masa, amma ba ya so 'yan aji su sani don kada su riƙa ce masa maroƙi. Na kwana ina juya wannan magana. Yaro yana da abin da duk ajin ba mai shi, har da malaminsu, amma ɓoyewa yake kamar ya yi sata.

Wannan laifin ba na fiyano ba ne, namu ne, mu 'yan boko. Mu ne muke tafa wa Shata a rediyo, amma in makaɗi ya shigo taro sai mu bar shi a tsugune bakin ƙofa, mu jefa masa canji. Muna so a yi mana kiɗan gargajiya ran biki, ba ma so ɗanmu ya zama mai yinsa. To, wa zai yi? Kalangu ba a koyonsa a wata ɗaya. Sai yaro ya yi shekaru yana bin babba, yana koyon yadda ake matse igiyoyin a hammata a sassauta har fata ta faɗi magana, mai ji ya gane sunan da aka kira ba tare da an buɗe baki ba. Akwai mai sassaƙa icen, akwai mai jeme fatar, akwai mai ɗaurin. In aka shekara ashirin ba mai saye, duk waɗannan sai su kama wata sana'a, kuma ba su da littafin da suka rubuta abin a ciki. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Bala Miller a 2003, Barmani a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Muryoyinsu suna cikin wayoyinmu, ba za su ɓata ba. Amma waya ba ta koya wa yaro riƙon makaɗi. Fiyanon ma da yake kwaikwayon kalangu, ai sai da wani ya kaɗa na gaske tukuna aka san abin da za a kwaikwaya.

Masu iya magana sun ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, ban musa ba. Yayi zai juya, wata rana jikokinmu za su gaji da muryar inji su nemi ta fata da ice, yadda samarin Amurka suka koma neman saurin da aka ce ya mutu. Bambancinmu da su shi ne, can ko a lokacin da kasuwa ta juya baya, yaro yana iya samun jita ya shiga ɗaki da abokansa uku su yi ta fama, makarantunsu da yawa kuma suna da ƙungiyar kiɗa da malaminta. Mu fa? A nan Adamawa muna da algaita da kakaki a fadar Lamiɗo, muna da garayar Fulani, da gangunan Bachama, da kayan kiɗan kabilu masu yawa waɗanda ko sunayensu ɗalibin kwalejin nan ba zai iya jerawa ba. Amma mu da za a ba amanar yara shekara mai zuwa, a cikinmu mutum nawa ne zai iya tsayawa gaban aji ya riƙe kiɗa na minti biyar? Ni dai ban iya ba, sai ɗan bugun tulu da na sata a wurin Mama.

Saboda haka ga abin da zan kai gaban kwamiti, ina kuma neman goyon bayan masu karatu. A ɗauko mai kwamfutar, ya sako abin da ake yayi, a yi rawa har a gaji. Amma a ware sa'a ɗaya wadda za a kashe lasifika, a yi kiɗa da hannu. Kuma kada a ce baƙi kaɗai za su yi mu muna kallo. Kowane aji ya fitar da mutum biyu su shiga cikinsu, ko da amshi ne ko tafi. Wanda ya iya jita ya zo da ita, wanda ya iya fiyano ya kaɗa shi da yatsunsa a gabanmu, ban ware shi ba. Makaɗan da za a gayyato kuwa a ba su kujera a jere ɗaya da manyan baƙi, a yanka musu ladansu tun kafin su zo kamar yadda ake yi wa kowane ma'aikaci, kada a bar su ga abin da aka liƙa musu.

Bayan biki kuma ina roƙon hukumar kwaleji ta duba ko za a sayi kalangu biyu da ganga da jita a ajiye, a nemi wani dattijon makaɗi daga cikin gari ya riƙa zuwa ran Laraba da yamma yana koya wa mai so, a kira shi malam, gama malam ne. Kuɗin bai kai na rumfar da muke haya kowace shekara ba. Na riga na yi magana da kakan yaron nan na aji biyar. Da farko ya ɗauka ba'a nake yi masa, ya ce, "Ɗana, yaushe 'yan kwaleji suka fara neman irinmu?" Da ya ga da gaske nake, ya ce zai zo, amma da sharaɗi jikansa ne zai riƙe masa ƙaramin kalangu. Maƙwabcina mai janareto ma ya ce a sa sunansa, wai yana so ya gani ko hannun tsohon zai kai na mai gangar Slayer sauri.

Kwamiti zai sake zama ran Asabar da ƙarfe huɗu a babban ɗakin taro. Wanda ya ga na yi kuskure ya zo ya faɗa mini a can, ko ya amsa a fitowa ta gaba in Edita ya yarda.